Neja ta Gabas: Inda Ƙuri'a Ta Ka Da Gwamna, Kotu Ta Ka Da Sanata

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a watan Fabrairu na 1976, aka mai da Minna hedkwatarta, garin ya zama wurin da ake ɗaura ɗamarar siyasa. Kujerar da ta fi jawo kai-komo a wannan yanki kuwa ita ce ta Majalisar Dattijai mai wakiltar Neja ta Gabas, mazaɓar da ta tattara ƙananan hukumomi tara: Chanchaga da Bosso da Paikoro da Shiroro da Munya da Rafi da Gurara da Tafa da Suleja.

Ƙasar Gwari ce tun asali, amma Hausawa da Filani da Nufawa da Koro da Kamuku duk suna zaune a cikinta. Saboda haka mai neman kujerar nan sai ya iya Hausa domin kasuwa da dandalin taro, ya kuma sami masu yi masa magana da Gwaranci a ƙauyuka. Wanda ya riƙe birni ya manta da karkara, ya yi shuka a kan dutse.

Cikin watan Yuni na 1914 ba a san wannan kujera ba, amma shekara ɗari bayan nan, a Yunin 2014, rasuwar Sanata Dahiru Awaisu Kuta na jam'iyyar PDP ta bar gurbin da ya tayar da ƙura. Aka yi zaɓen cike gurbi, hukumar zaɓe ta ce Dokta Shem Zagbayi Nuhu na PDP, tsohon mataimakin gwamna, shi ya ci, ya ka da Mista David Umaru na APC.

Babban gumurzun ya zo ran 28 ga Maris, 2015. Gwamnan jihar da kansa, Dokta Mu'azu Babangida Aliyu, Talban Minna, wanda ya yi shekara takwas bisa mulki, ya kuma shugabanci taron gwamnonin Arewa, ya fito neman kujerar. Abokin karawarsa shi ne dai David Umaru, lauya, wanda ya sha kaye a hannunsa a zaɓen gwamna na 2007. Mutane da yawa sun ɗauka gwamna mai ci ba ya faɗuwa a gidansa. Da aka ƙidaya ƙuri'u sai ga shi guguwar canji da ta kai Janar Muhammadu Buhari ga shugabancin ƙasa ta yi awon gaba da Talba. Ranar nan talakan Kuta da na Kagara suka ga ƙarfin 'yar takardar da ke hannunsu.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. A zaɓen Fabrairun 2019 APC ta sake cin kujerar, sai dai an shiga rumfa ana gardamar wane ne ɗan takararta na gaskiya. Alhaji Muhammad Sani Musa ya ce shi ya ci zaɓen fid da gwani na 2018, uwar jam'iyya kuwa ta miƙa sunan Sanata Umaru. Magana ta tashi daga Babbar Kotun Tarayya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, har ta dangana da Kotun Ƙoli, wadda a watan Yuni na 2019 ta ba Sani Musa gaskiya. Ya kuma sake cin kujerar a 2023.

Abin lura a nan shi ne, jama'a sun dangwala wa alamar jam'iyya, amma sunan wanda zai zauna a Abuja sai alƙalai suka faɗa. Laifin kuwa ba na kotu ba ne, na jam'iyyun da ke murɗe zaɓen cikin gida ne.

Kada a ɗauki wannan wasan manya. Mazaɓar nan ita ke da madatsar ruwa ta Shiroro mai ba ƙasa lantarki, kuma a cikinta 'yan bindiga suka sace ɗaliban kwalejin kimiyya ta Kagara a Fabrairun 2021, da yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayu na shekarar. Manoman Shiroro da Munya da Rafi da aka raba da gonakinsu suna bukatar wakilin da ya san su suka aike shi. Don haka wajibi ne mai ƙuri'a ya sa ido tun daga ranar fid da gwani, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.