Kano, Zangon Jiragen Sama Tun 1925

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama guda 3 na sojan Ingila suka sauka a Kano, zamanin Sarki Usman ɗan Abdullahi. Babu filin jirgi a lokacin, a filin dawakai suka dira, can bayan ganuwa. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan da Chadi da Maiduguri, suna sauka suna shan mai, ƙarƙashin jagorancin wani matashin hafsa mai suna Arthur Coningham. Jiragen samfurin DH.9A ne. Yawancin jikinsu katako ne da aka lulluɓe da yadi, fiffike biyu sama da ƙasa, inji ɗaya tak, kowanne mutum 2 yake ɗauka, kawunansu a waje iska tana dukansu. Duk wanda ya ratsa daga Masar zuwa Kano a cikin irin wannan abu, dole a sara masa.

Me ya sa Kano? Jirgin wancan zamani ba ya dogon zango, dole ya sauka ya sha mai. Garin da ke bakin Sahara, ga jirgin ƙasa da ke kawo fetur daga Ikko tun da layin dogo ya iso a 1911, ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, shi ya fi dacewa. Matsayin da Kano ta riƙe ga ayarin raƙuman Agadas da Tarabulus, shi ta sake riƙewa ga jirage. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja kowane mako tsakanin Khartum da Kano, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa hanyar har Ikko.

Yaƙin Hitila ne ya mayar da filin jirgin Kano babban wuri. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Faransa kuma ta faɗi, sai tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Dabarar da suka yi ita ce su ɗauko jiragen yaƙi a wargaje cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a haɗa su a can, a tuƙo su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato N'Djamena, El Fasher, Khartum, har Alƙahira. Rukuni-rukuni suke tafiya: jirgin Blenheim mai inji biyu a gaba yana nuna hanya, ƙananan jiragen Hurricane suna biye da shi. Daga Satumba 1940 zuwa 1943, jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Kuma ba a cikin kwanciyar hankali ba, don Nijar a lokacin tana hannun Faransawan da suka bi Jamus, matuƙin da ya kauce arewa kaɗan sai ya tsinci kansa a ƙasar abokan gaba. Wanda ke karɓar da yawa daga cikin jiragen nan a fagen fama na Arewacin Afirka daga 1941, shi ne Coningham ɗin nan da ya fara buɗe hanyar.

Bayan yaƙi sai filin ya koma na fasinja. Jiragen da ke tashi daga Turai zuwa Kongo ko Afirka ta Kudu a nan suke yada zango: BOAC na Ingila, Sabena na Beljiyam, da KLM na Holan wanda ya fara zuwa a 1947. A 1957 aka buɗe sabon ginin fasinja. Tsofaffin hotuna na waɗannan shekaru suna nuna wani bawan Allah a kan raƙumi, da kakaki a bakinsa, yana busa wa masu ƙetare titin jirgi gargaɗi idan jirgi ya doso.

Akwai wani dattijo da muke sallah tare a Tarauni, wanda ya yi aikin lodin kaya a filin tun yana saurayi har ya yi ritaya. Kunnensa na hagu ya tafi, ƙarar inji ta cinye shi, sai ka zauna ta damansa sannan hira ta yiwu. Amma da jirgi zai gifta ta samanmu yana ɗaga kai zai faɗa maka irinsa. Shi ya kwatanta mini yadda suke tura tsani zuwa ƙofar jirgi da hannu, da yadda dare yake zame musu rana, don jiragen nesa sun fi son tashi da sanyi: iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi mai nauyi yana shan wuya kafin ya ɗaga. A aljihun rigarsa har yau akwai tsohon katin shaidar aikinsa, ya ƙoƙe, hoton ma da ƙyar ake gane shi.

Mu dai talakawa ta hanyar aikin Hajji muka san jirgi. Kakanninmu a ƙasa suke tafiya, ta Chadi da Sudan, wani ya yi shekaru yana noma yana ƙwadago a hanya, wani ma can zai zauna ya zama Takari. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda sunanta ya bi unguwar Wapa a Fagge. Da motoci aka fara, daga baya aka koma jirgi, tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i. Muna yara a Gyaɗi-Gyaɗi, idan aka ce jirgin alhazanmu ya kusa, sai a yi shatar mota, mu cika ta maƙil, mu bi ta Sabon Gari mu miƙe titin filin jirgi. A bakin waya muke kwana, mata da kwanukan abinci, yara muna gyangyaɗi. Da fitilar jirgi ta bayyana sai wuri ya kaure. Ga Hajiya ta fito da haƙorin Makka yana walƙiya, ga jarkar zamzam, ga dabino da bagaruwa, ga ɗan abin leƙen nan da ake dannawa a ga hoton Ka'aba.

Filin ya ga baƙin ciki ma. Ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC mai zuwa Landan ya tashi cikin hadari, iska ta danno shi ƙasa ya bugi bishiya, mutum 32 cikin 45 suka rasu. Ranar 1 ga Oktoba 1966 sojojin da suka yi bore suka kashe 'yan ƙabilar Ibo da ke jiran jirgi a wurin, abin da bai kamata a share daga tarihi ba don yana da ɗaci. A Agusta 1967 a nan aka sauke jiragen yaƙi na MiG daga Tarayyar Sobiyet don yaƙin basasa, kuma har yau sojan sama suna da makarantar koyon tuƙi a gefen filin. Sai ranar 22 ga Janairu 1973: jirgin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda zuwa Ikko, aka karkato da shi Kano saboda rashin kyan yanayi, ya zo sauka cikin hazo ya kama da wuta. Mutum 176 cikin 202 suka riga mu gidan gaskiya, kuma a lokacin duniya ba ta taɓa ganin hatsarin jirgi da ya fi shi cin rai ba. Hatsarin jirgin da ya faɗa unguwar Gwammaja kuwa, ranar 4 ga Mayu 2002, da yawanmu mun ga hayaƙinsa da idonmu. Fiye da mutum 100 suka rasu, har da waɗanda ke zaune cikin gidajensu. Allah Ya jiƙan su.

Abin da ya ɗaga Kano shi ya sauke ta. Da aka ƙera jiragen da ke tashi daga Landan su dire Johannesburg ba tare da shan mai ba, buƙatar zango ta kau. Gwamnati ta koma Abuja a 1991, Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, KLM ya yi sallama a 2012 bayan shekara 65. 'Yan kasuwarmu sun yi abin a yaba: Alhaji Muhammadu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, daga baya ga Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, ga Azman. Amma filin jirgin, wato filin Malam Aminu Kano, yanzu ya fi dogaro da alhazai da masu Umara da fatake, ba masu wucewa ba.

Kasuwa tana iya dawowa. Abin da ba ya dawowa shi ne bakin waɗanda suka yi aikin. Tsofaffin matuƙa, kanikawa, 'yan kwana-kwana, masu duba yanayi da masu lodi suna nan a Tarauni, Fagge, Birged da Kurna, kuma kowace shekara muna raka wasunsu makwanci. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero su ɗauki waya su je su naɗi muryoyinsu. Hukumar tarihi ta jiha ta ware ɗaki guda, a tara hotuna da tsofaffin tikiti da kayan aiki. Kai kuma mai karatu, idan a gidanku akwai wanda ya yi aikin filin jirgi, ka zauna da shi cikin makon nan, ka tambaye shi, ka rubuta.