Wane Kiɗan Fim ne Yake Zama a Kan Fiyano?

Mai koyon fiyano ba ya daɗewa kafin ransa ya biya ga kiɗan wani fim da ya taɓa ratsa shi. Sai ya nemo takardar kiɗan, ya yi ta fama, a ƙarshe abin ya fito lami, bai kama ƙafar wanda ya ji a silima ba. Yawanci yakan ɗora wa yatsunsa laifi, alhali tun wajen zaɓi aka yi kuskure. Shaharar fim ba ta sa kiɗansa ya dace da fiyano. Ginin kiɗan ne yake yanke hukunci. Idan ƙarfinsa yana cikin karinsa, wato jerin sautukan da mutum zai iya rerawa da baki, zai zauna daram. Idan kuwa ƙarfin yana cikin muryar kayan kiɗan da aka yi shi da su, fiyano zai bar shi tsirara.

Dalilin yana cikin ƙirar abin kiɗan. A situdiyoyin Kano, in an ce fiyano ana nufin na'urar lantarki irin ta Yamaha, mai kwaikwayon ganga da sarewa, wadda waƙoƙin finafinan Hausa suka ginu a kanta. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne na asali, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700. Na zamaninmu yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Da zarar an danna maɓalli, wata 'yar guduma ta doki tsirkiya ta koma, daga nan sautin ya fara mutuwa. Makaɗi ba shi da ikon ƙara masa ƙarfi bayan bugu, ba shi kuma da ikon lanƙwasa shi ya zame zuwa na kusa da shi. Ta wannan fuska fiyano ɗan'uwan garaya ne, wadda ake taɓawa amonta ya dusashe, ya kuma yi nisa da goge, wanda yake jan sauti guda yana kuka da shi iya son mai gogawa. Abin da fiyano ya fi sauran da shi shi ne mutum ɗaya, da yatsu goma, yana iya ɗaukar kari da sautukan rakiya da bugun lokaci gaba ɗaya.

Wannan baiwa ce ta sa fim ya yi ƙuruciyarsa a gefen fiyano. A zamanin finafinai marasa murya, ƙananan gidajen silima sukan ɗauki makaɗi ɗaya ya zauna ƙarƙashin allo yana bin labari da hannunsa. Dmitri Shostakovich, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na Rasha, da wannan aiki ya nemi abinci a Leningirad a shekarun 1920. Bayan fitowar The Jazz Singer a 1927, murya ta shiga fim, sana'ar ta mutu cikin 'yan shekaru, manyan ƙungiyoyin makaɗa na situdiyo suka karɓi fage.

Duk da haka, kaɗe-kaɗen fim da suka fi daɗi a hannun mai fiyano su ne waɗanda aka tsara da sanin wannan rauni na mutuwar sauti. Kiɗan da Michael Nyman ya yi wa The Piano a 1993, fim ɗin da Jane Campion ta shirya game da wata bebiya da aka kai aure Niyuzilan, ba ya barin tsirkiya ta huta: ƙananan sautuka suna ta gudana a ƙasa, kari yana tafiya a samansu. Haka Yann Tiersen ya yi a fim ɗin Faransa Amélie na 2001, inda hannun hagu yake maimaita zubi ɗaya, na dama yana ba da labari. Joe Hisaishi a Spirited Away na 2001 da Ryuichi Sakamoto a Merry Christmas, Mr. Lawrence na 1983, dukansu daga Japan, sun tsara karin da ake ganewa ko da yatsa ɗaya aka buga shi. The Sting na 1973 kuwa tsofaffin kaɗe-kaɗen fiyano na Scott Joplin ya farfaɗo da su, ciki har da The Entertainer na 1902, har Marvin Hamlisch ya sami kyautar Oscar saboda sake tsara su.

A ɗaya ɓangaren akwai gwanayen ayyukan da fiyano yake kashewa. Kiɗan da Bernard Herrmann ya yi wa Psycho a 1960 da kayan tsirkiya zalla aka yi shi, firgicin wurin kisan da ke cikin fim ɗin kuma yana cikin ƙarar da gogunan suke yi. A buga sautukan nan a fiyano, ba abin da zai rage sai dukan maɓalli. Ennio Morricone ya gina The Good, the Bad and the Ugly na 1966 a kan fito da ihun mutane da jitar lantarki, babu ko ɗaya da guduma za ta kwaikwaya. Amma shi wannan Morricone ɗin ne ya yi kiɗan Cinema Paradiso a 1988, wanda yake kwanciya a fiyano lafiya lau, abin da ke nuna cewa sunan mai kiɗa ba shi ne ma'auni ba. Masu son finafinan Indiya su ma sai sun yi hattara. An sha nuna jarumi zaune a gaban fiyano, kamar Dilip Kumar a Andaz na 1949, amma daɗin yawancin waƙoƙin yana cikin yadda murya take zamewa tsakanin sauti da sauti. Rashin iya wannan zamiya yana cikin dalilan da suka sa gidan rediyon gwamnatin Indiya ya hana kaɗa hamoniyam, wani abin kiɗa mai maɓallai, daga 1940 zuwa 1971, fiyano ma kuwa yana da wannan rauni.

Wasu za su ce kiɗan fim bawan hoto ne, raba shi da allo raba jiki ne da rai, balle a matse aikin makaɗa masu yawa cikin hannu biyu. Akwai gaskiya a nan. Karin da John Williams ya tsara wa Schindler's List a 1993 yana rayuwa a fiyano, amma kukan gogen Itzhak Perlman ba ya biyo shi, wannan kuwa asara ce ta gaske. Sai dai asarar launi daban take da asarar ma'ana. A ƙarni na 19 Franz Liszt ya mayar da manyan kaɗe-kaɗen Beethoven guda tara zuwa na fiyano, har yau gwanaye suna kaɗa su, domin ginin da ke ƙarƙashinsu yana da ƙwari. Wasu kuma suna raina irin kiɗan Tiersen, wai maimaici ne mai arha. Amma sauƙin takarda bai zama sauƙin kaɗawa ba. Inda sautuka suka yi kaɗan, kowane kuskure a fili yake, makaɗi kuma dole ya koyi ɗaga kari sama da rakiya da auna nauyin kowane yatsa.

Saboda haka malami da ɗalibi su gwada kiɗa kafin su ba shi lokacinsu. A rera shi da baki, ba hoto, ba ganga. In har ya riƙe mai sauraro, a duba ko dogayen sautuka ne ko zamiya suke ɗauke da shi, a kuma duba ko hannu biyu za su isa. Wanda ya ci wannan gwaji ya cancanci wahalar koyo. Wanda ya faɗi a bar wa ƙungiyar makaɗa kayanta, domin a can darajarsa take.