Haɗa sabuwar kwamfuta da rezon gida domin tarayyar fayiloli: misali daga aikin bincike a Gaya

1. Matsalar

Garin Gaya, a jihar Dosso, yana bakin kogin Kwara, yana fuskantar Malanville ta ƙasar Benin, kuma ba shi da nisa da Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Dendi da Zarma da Hausa da Fulfulde duka ana jin su a kasuwarsa. A gidan da ƙungiyar bincike ta sauka akan tarar da kwamfutoci iri-iri: tsohuwa mai Windows XP ko Windows 7 wadda ke riƙe da muryoyin da aka ɗauka shekaru da dama, ta malami mai macOS, ta ɗalibi mai Linux, sannan sabuwa mai Windows 11. Ana so kowa ya iya buɗe kundi guda ba tare da yawo da kile ba, wanda yake ɗaya daga cikin hanyoyin yaɗuwar birus tsakanin na'urori. Jona waya ko shiga wifi ba wuya. Wuyar ita ce sabuwar ta shiga rezo amma ta kasa ganin kundin tsohuwar.

2. Kare-karen SMB

Yarjejeniyar da na'urorin ke bi wajen musayar fayiloli sunanta SMB. An ƙirƙiro ta a kamfanin IBM a 1983, Microsoft ya ɗauke ta, sannan Andrew Tridgell ya fitar da Samba a 1992, wadda ta ba Linux damar shiga cikin zancen. Abin da zai ja hankalin masanin harshe shi ne, injiniyoyin da kansu suna kiran nau'o'in SMB da kalmar da muke fassarawa da "karin harshe". Idan na'urori biyu suka haɗu, mai nema takan jera kare-karen da ta iya, mai bayarwa kuma ta zaɓi mafi sabunta da suka yi tarayya a kai. In babu ko ɗaya, magana ta ƙare, kamar Badende da Bafulatani da ba su da Hausa a tsakaninsu.

Windows XP ba ta iya komai ba sai SMB1. Windows 7 (2009) ta iya 2.1, Windows 10 (2015) ta zo da 3.1.1. Bayan harin WannaCry na watan Mayu 2017, wanda ya bi ta wata kafa a SMB1, Microsoft ya fara janye wannan karin daga Windows 10 a ƙarshen shekarar, Samba ma ta kashe shi a fitowarta ta 4.11 a 2019. Saboda haka Windows 11 da Windows 7 suna fahimtar juna, amma Windows 11 da XP ba sa yi. Masu gyara sukan sake kunna SMB1 a sabuwar na'ura. Ba mu goyi bayan wannan ba: ya fi kyau a kwashe muryoyin daga XP zuwa wata na'ura, a cire ta daga rezo, tunda an daina yi mata gyaran tsaro tun Afrilu 2014.

Saura abu biyu. Na farko, rashin ganin sunan na'ura a jerin rezo ba ya nufin ba ta nan. A ba ta adireshi tsayayye a na'urar rarraba rezo, a rubuta shi kai tsaye: \\192.168.1.10 a Windows, smb://192.168.1.10 a macOS. Na biyu, a buɗe wa kowa suna da kalmar sirri, domin Windows 11 Pro ta 2024 tana ƙin shiga a matsayin baƙo.

3. Sunayen fayiloli

Nan ne aikinmu ya fi shan wahala, domin al'adar rubutun masu ilimin harshe ta saɓa wa ta na'urorin. Dubi waɗannan sunaye:

(1) ma:ta:.wav
(2) Gaya.wav da gaya.wav
(3) màtā.wav

A (1) an nuna tsawon wasali da ɗigo biyu. Linux ta yarda da shi, Windows kuwa ta haramta wannan alama a sunan fayil, haka ma alamar tambaya da wasu ke sa wa hamza. Ta hanyar Samba irin wannan suna yakan bayyana a matsayin tarkacen haruffa takwas. A (2) Linux tana ganin fayiloli biyu, sunan gari da aikatau, Windows tana ganin ɗaya. Wajen kwafi ɗayan zai iya hawa kan ɗayan, muryar da aka sha wahalar ɗauka ta tafi ke nan.

Misali na (3) ya fi ɓoyuwa. Unicode ta yarda a rubuta à ta hanya biyu: harafi guda, U+00E0, ko a da alamar karin sauti U+0300 a bayansa. Tsarin ajiya na HFS+ na Apple yakan wargaza harafin gida biyu, allon rubutun Windows kuwa yakan ba da shi a dunƙule. Ido yana ganin suna ɗaya, na'ura tana ƙirga biyu, sai ELAN ko rubutun umarni na Praat ya kasa gano muryar. Zuwan APFS a 2017 ya rage matsalar, amma tsoffin sunaye suna nan yadda aka ajiye su.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, ba sa wargajewa, kowanne lambarsa guda. Sai dai ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 tana rubuta ƴa inda Najeriya ta saba da 'ya, kuma a kan iyaka irin ta Gaya ana samun duka biyu a kundi ɗaya. Wanda ya nemi ɗaya ba zai samu ɗayan ba.

Shawararmu ita ce a bar sunan fayil da ƙananan haruffan boko marasa alama da lambobi, kamar gaya_den_2022_014.wav, a kai karin sauti da tsawon wasali da lanƙwasa cikin rubutun da ke rakiyar muryar. A kuma ajiye kwafi na biyu a faifan da ba ya jone da rezo, na'urar da ke riƙe da kundin kuma ta zama mai batir: a Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, yanke-yanken wuta sun yawaita, kuma fayil ɗin da wuta ta ɗauke ana cikin rubuta shi sau da yawa ba ya sake buɗewa.