Ingancin bincike kan rigakafin ciwon sukari nau'i na 1

1. Gabatarwa

Ciwon sukari nau'i na 1 ya fi kama yara da matasa. Garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, har mutum ya dogara ga allura tsawon rayuwarsa. A wannan takarda za mu duba tambaya guda: idan masu bincike suka ce magani ya fi dacewa da wani rukunin mutane, yaya za mu auna maganarsu?

2. Misalai biyu

A gwajin DPT-1 na Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2005, insulin na sha bai jinkirta ciwon ba. Amma da aka rarraba mutanen bayan kammala gwaji, sai aka ga kamar wani rukuni ya amfana. Ƙungiyar TrialNet ta sake gwaji, kuma sakamakon 2017 bai tabbatar da amfanin ba a babban rukunin da aka sa gaba.

Misali na biyu shi ne teplizumab. A gwajin da sakamakonsa ya fito a 2019, an gwada shi kan mutum 76, dangin masu ciwon, ya jinkirta bayyanarsa da kimanin shekara 2. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2022. Sai dai mutum 76 sun yi kaɗan idan aka sake kasa su gida-gida domin gano wanda ya fi amfana.

3. Ma'auni

Daga nan muna fitar da ƙa'idoji 3. Na farko, a fayyace rukunin tun kafin fara gwaji. Na biyu, yawan mutane ya wadata. Na uku, wani gwaji dabam ya maimaita sakamakon.

4. Abin da ya shafe mu

Waɗannan gwaje-gwaje suna zaɓar mutane ta hanyar alamun garkuwar jiki a cikin jini, kuma galibinsu Turawa ne. Binciken da aka buga a 2025 kan matasan Kamaru, Uganda da Afirka ta Kudu ya nuna kusan kashi 2 cikin 3 na masu ciwon ba su da waɗannan alamu. Saboda haka ba za mu ɗora wancan sakamako kai tsaye kan yaron Dogo-Dogo ko Magarya ba. Bukatarsa ta farko ita ce a gane ciwon da wuri, daga yawan ƙishirwa, yawan fitsari da rama, sannan a sami insulin ba yankewa, da wurin ajiyarsa mai sanyi a zafin Damagaram.