Shin Ƙarfin Inji Yana Tsirar da Mai Mota Ran Haɗari?

Dillalan motoci suna da wata magana da suke jawo attajirai da ita. Suna cewa mota mai babban inji ta fi aminci, wai idan abu ya taso sai direba ya taka totur ya kuɓuta. Maganar nan tana da gaskiya a wuri guda, watau wajen wuce tirela a kan hanya mai hannu biyu. Mai ƙaramin inji, ga lodi ya yi masa yawa, yakan daɗe a hannun masu tahowa, kowace daƙiƙa kuwa a can kasada ce. Mai ƙarfi yakan wuce da wuri ya koma hannunsa.

Amma haɗari ba kullum yake zuwa ta nan ba. Galibi saniya ce ta faɗo kan kwalta, ko yaro, ko rami bayan kwana. A wannan hali inji ba shi da abin cewa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, tun direba bai kai ƙafarsa ga birki ba. Sa'an nan idan ya taka, a busasshiyar kwalta yana bukatar wajen mita 56 kafin ta tsaya. Da gudun kilomita 50 yake yi, da mita 14 ta ishe shi. Gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ta ninka huɗu. Ɗalibin hisabi ma ya san dalili. Babban inji kuwa shi ne ke kai mutum ga wannan gudu bai ankara ba, don motar ba ta kuka, ba ta girgiza.

Abin da ke riƙe mota ga ƙasa tayoyi huɗu ne, kowace tana taɓa kwalta da abin da bai fi tafin hannu ba. Idan sun suɗe, ko ruwa ya jiƙa hanya, ƙarfin doki ɗari uku ba ya ƙara musu riƙo ko kaɗan.

Makeran motoci na Turai ma da suka nemi tsirar da rai, wani wuri suka duba. Kamfanin Volvo ya fito da bel mai ɗaure ƙirji da ƙugu a 1959. Mercedes-Benz da Bosch suka kawo birkin ABS a 1978, wanda ke hana taya ƙamewa don direba ya iya juya sitiyari yana kan birki.

Akwai dai inda inji ke ceto ta wata fuska. Direbobin da ke gangarowa daga Jos ta Hawan Kibo sun san cewa wanda ya dogara ga birki kaɗai, birkin zai yi zafi ya saki. Gwani yakan sa ƙaramar giya tun daga saman gangaren, injin ya riƙa danne motar har ƙasa.