Wa ke riƙe da Tafkin Kalmalo?

Duk wanda ya ji sunan Illela, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne iyaka da kasuwa: manyan motoci a layi gaban shingen kwastan, karar dabbobi ta ranar Lahadi, da Birnin Ƙonni da ke tsallake, tafiyar 'yan mintoci. Ba kowa ke tuna cewa a cikin wannan ƙaramar hukuma ce Tafkin Kalmalo yake ba, tafkin da ya ciyar da masunta da makiyaya da masu lambu, har gwamnati ta kafa shirin noman rani a bakinsa. Shekaru da dama ke nan ruwan yana ja da baya. Yakan taru da damina, amma ba ya zama kamar yadda dattawan yankin suka san shi, kuma ƙasar da ke kewaye da shi ta shiga wani hali na rashin mai ita. Wannan ba matsalar Kalmalo kaɗai ba ce. A garuruwa da yawa na Arewa, ƙananan hukumomi sun janye hannu daga tafkuna da kududdufai da filayen da ke gefensu, alhali su ne hukuma mafi kusa da su. Kalmalo dai ya fi fito da abin fili, domin ruwansa daga wata ƙasa yake zuwa.

Tafkin yana ƙarshen kwarin Maggiya ne. Wannan gulbi ba mai gudu shekara cur ba ne; ruwan sama ne da ke gangarowa daga duwatsun Adar a jihar Tawa ta Nijar, ya biyo ta yankin Galmi da Ƙonni, ya tsallako iyaka ya zube a Kalmalo. Ma'ana, abin da ya faɗi a Adar cikin wata uku ko huɗu na damina, shi ne jarin tafkin na shekara. Fari na 1973 da na 1984 sun rage wannan jari ƙwarai. A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma Nijar, wadda yunwa ta yi wa mugun kamu, ta gina madatsun Mozage da Zango a kan Maggiya, tare da matattarar ruwa ta Cerasa, domin shayar da filin noman rani na Ƙonni mai faɗin sama da hekta 2,400, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA da ƙungiyoyin manoma. Ruwan da a da yake wucewa kai tsaye zuwa Kalmalo, yanzu sai an cika tumbin madatsun kafin a sako saura.

Wannan shi ne bayanin da aka fi ji a bakin mutane idan zancen tafkin ya taso, kuma gaskiya ne. Amma kafin mu ɗora wa maƙwabta laifin duka, mu tuna cewa a gabas kaɗan labarin juyawa yake yi. Madatsar Jibiya a jihar Katsina, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1980 a kan kogin Gada, ita ce ke tare ruwan da ke shiga Gulbin Maraɗi, kuma manoman can suna da irin kukan da na Kalmalo ke yi. Kowace ƙasa tana sama a wani kwari, tana ƙasa a wani. Saboda haka ne ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri a Yulin 1990, wadda ta ambaci kwaruruka huɗu da suka yi tarayya a kai: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙasan Komadugu Yobe. An amince a raba ruwan bisa adalci, kowane ɓangare ya riƙa tattara bayanai yana miƙa wa hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971 mai mazauni a Yamai. Takardar tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai tsaya a madadin Kalmalo ya ce ga ma'aunin ruwanmu na bana, ga na bara, ga abin da muka rasa.

A nan ne maganar ƙaramar hukuma ta shigo, kuma a nan ne igiyar ta sarƙe. Ruwan da ya ratsa iyaka hurumin gwamnatin tarayya ne, ta hannun ma'aikatar albarkatun ruwa da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda hankalinta ya fi karkata ga manyan madatsu irin Goronyo da Bakolori. Shirin noman rani na gwamnatin jiha ne. Ƙasar bakin tafki kuwa tana tsakanin gado da al'ada, a hannun iyalai da masu unguwanni da uban ƙasa. To ina rabon sakatariyar Illela? Idan aka duba doka, rabonta ba kaɗan ba ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a da magudanan ruwa, ya kuma ba su hannu a raya noma da albarkatun ƙasa, ban da ma'adinai. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba su ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a ƙasar da ba ta birni ba, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Wato ruwan ba nasu ba ne, amma kwanon da ruwan ke zama a ciki da bakinsa duk suna ƙarƙashin idonsu.

Me ya sa wannan iko ya zama na takarda? Dalili na farko kuɗi ne. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ke isa sakatariya da ƙyar yake wuce albashi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye kuma ya haramta mulkin kantomomi, ya buɗe ƙofa, sai dai aiwatar da shi yana tafiyar hawainiya. Na biyu gajeren wa'adi ne. Ciyaman da ya san kwanakinsa a ƙidaye suke zai fi son aikin da za a yanke masa kyalle kafin ya sauka: rumfunan kasuwa, kwalbati, rijiyar burtsatse. Dashen itatuwa a bakin tafki ba ya nuna kansa sai bayan shekara biyar ko fiye, lokacin da wani ne ke kan kujera. Na uku, Illela tana da abin da ke ɗauke mata hankali. Kasuwa da kara da tashar mota suna kawo kuɗin shiga kowane mako. Tafki ba ya kawo rasit. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi gabashin Sakkwato, wadda ke cinye lokaci da kuɗin da ya rage.

Akwai dalili na huɗu da ba a cika son faɗa ba, kuma a ganina ya fi sauran nauyi. Tafkin da ya ja baya yakan bar ƙasa mai laka da danshi, irin wadda kowane manomi ke so. Da zarar an share ta an shuka shekara biyu ko uku, ta zama gonar wane. Idan ruwa ya dawo da yawa wata shekara, mai gonar ba murna zai yi ba, asara zai lissafa. Ta haka ake samun mutanen da, ba da mugun nufi ba, amfaninsu ya koma ga tafkin ya ci gaba da zama ƙarami. Babu kansilan da zai so ya fuskanci masu zaɓensa da maganar shata iyakar ruwa. Shiru ya fi sauƙi, kuma kowace shekarar shiru tana ƙara wa aikin wuya.

Sannan ga cikewa. Ruwan da ke gangarowa daga tudun da aka sare itatuwansa yana zuwa da yashi da laka, iskar hunturu kuma tana turo rairayi daga arewa maso gabas. Tafkin da ya cike ba ya da zurfi, ruwa marar zurfi kuwa rana ta Maris da Afrilu tana shanye shi cikin makonni. Don haka ko da Nijar ta buɗe ƙofofin Mozage gobe, kwanon da zai karɓi ruwan ba shi ne na da ba. Su kansu madatsun na Nijar wannan ciwo ya kama su: laka ta rage abin da suke iya riƙewa, har noman rani a Ƙonni ya taƙaita ga wani ɓangare na filin. Wannan na cikin abin da ya sa aka sanya gyaran filin Ƙonni a yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta ƙulla da hukumar MCC ta Amurka a 2016, shirin da juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 ya kawo wa tsaiko. Tsallaken iyaka an kashe kuɗi don kowane ɗigo ya yi amfani. Idan wannan gefen bai gyara nasa kwanon ba, muryarsa a teburin rabo za ta yi rauni.

Illar ta fara ne daga masunta, domin sana'arsu ba ta da madadi idan ruwa ya tafi. Ko su bi ruwa zuwa Goronyo da Yawuri, ko su ajiye koma da mali. Manoman rani sun koma ga haƙa ƙananan rijiyoyi a fadama da injin ban-ruwa, hanyar da shirin Fadama ya yaɗa tun shekarun 1990. Ta taimaka ƙwarai, albasa da tumatir da tattasai sun samu. Amma ruwan ƙarƙashin fadama ba daga sama yake faɗowa ba, tafkin da gulbin ne ke ciyar da shi. Yayin da suka yi rauni, sai an ƙara zurfi, sai an ƙara mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin tayar da inji ya fitar da ƙaramin manomi daga lissafi. Mai hali ya sayi inji mai aiki da hasken rana, marar hali ya ba da jinginar gonarsa ya tafi cin rani.

Makiyaya su ne waɗanda aka fi mantawa. Illela mashigar dabbobi ce daga Adar da Azawak, kuma garken da ya sha tafiya yana bukatar mashaya. Idan lambuna suka zagaye ragowar ruwan, burtali ya toshe, saniya ba ta da hanya sai ta cikin albasar wani. Rigimar da ake kai wa gaban hakimi ko 'yan sanda a matsayin ɓarnar gona, asalinta rashin shata hanya ne tun farko, kuma wannan aikin ƙaramar hukuma ne tsantsa. A yankin da rashin yarda tsakanin manomi da makiyayi ya riga ya jawo zubar da jini, barin mashaya ba tsari sakaci ne mai tsada.

Akwai kuma abin da rufe iyaka ya koya wa garin. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, an garƙame mashigar Illela. 'Yan dako da direbobi da dillalai da masu abinci suka wayi gari ba aiki. Ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum kusan 150,000, yanzu kuwa sun ƙaru sosai, ta ga abin da ke faruwa idan arziki ya rataya a kan ƙofa guda wadda mabuɗinta ke Abuja da Yamai. Tafki mai rai da fadama mai ruwa su ne abin komawa a irin wannan lokaci.

Ba na cikin masu cewa ƙaramar hukuma za ta iya yashe Kalmalo da kuɗinta. Wannan aikin manyan injuna ne, sai jiha ko tarayya ko shiri irin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021 don farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu ba da irin wannan kuɗi sukan fara tambaya: ina iyakar tafkin, wa ke da wane fili, wa zai kula bayan ɗan kwangila ya tafi? Amsoshin nan a sakatariya ya kamata a same su. Kafa turakun siminti a iyakar da ruwa ke kaiwa a shekarar cika, bisa shaidar dattawa da sarkin ruwa da arɗo. Dokar majalisar kansiloli da ta hana sabon gini ko sayar da fili a cikin wannan iyaka, tare da barin masu noma su ci gaba a matsayin aro. Buɗe burtali biyu ko uku zuwa mashaya. Shingen bagaruwa da gawo da dogon yaro a ɓangaren da iska ke bugowa, da mai gadi da ake biya har itatuwan su fi ƙarfin akuya. Da sanda mai ma'auni a cikin ruwa wadda ma'aikaci guda zai riƙa karantawa kowane mako yana rubutawa. Babu ɗaya cikinsu da ya kai kuɗin sabuwar motar ofis, kuma littafin ma'aunin nan shi ne hujjar da wakilan Najeriya za su iya ɗauka zuwa hukumar haɗin gwiwa.

A wannan fanni akwai abin koyi a tsallake. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda manomi da makiyayi da sarauta da ma'aikacin gwamnati ke zama tare su shata burtali da mashaya su rubuta. Ba ko'ina tsarin ya yi aiki ba, kuma rushe zaɓaɓɓun majalisun gundumomi da sojoji suka yi a Afrilun 2024 ya rage masa ƙarfi. Duk da haka, mutanen Ƙonni da na Illela dangin juna ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kasuwanni biyu da ke ciyar da juna. Ko a lokacin da Abuja da Yamai ba sa ga maciji, ba abin da zai hana shugabannin garuruwan biyu da na ƙungiyoyin manoma su zauna kafin ƙarshen damina, su san yaushe za a sako ruwa daga Zango da kuma yawansa, don mai lambu a Kalmalo ya san girman filin da zai gyara kafin ya ci bashin iri da taki.