Kirsty Coventry: Daga Tafkin Ninkaya Zuwa Kujerar Shugabancin Olamfik

Tun daga 1980, shekarar da Zimbabuwe ta samu 'yancin kai, lambobin yabo takwas kacal ƙasar ta ciyo a gasar Olamfik. Ta farko zinare ce da tawagar mata 'yan wasan hoki suka ɗauko a birnin Mosko a waccan shekarar. Sauran bakwai ɗin duk a wuyan mace ɗaya aka rataya su, wato Kirsty Coventry, 'yar ninkaya haifaffiyar Harare, daga ƙasar da ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya. Wannan matar ce aka zaɓa ranar 20 ga Maris, 2025, a wani taro a ƙasar Girka, ta zama shugabar Kwamitin Olamfik na Duniya, IOC. Ita ce mace ta farko, kuma mutum na farko daga Afirka, da ya hau kujerar tun kafa kwamitin a 1894.

An yi murna a nahiyar nan, kuma murnar ta dace. Sai dai duk wanda ya bi tarihinta zai ga cewa bajintarta a cikin ruwa ta daɗe tana rufe wata tambaya da ba a amsa ba, game da yadda Afirka ke samun gwanayenta da kuma abin da ake bar wa na baya.

An haife ta ranar 16 ga Satumba, 1983. Tana da shekara takwas ta kalli gasar Baselona ta 1992 a talabijin, kuma ta sha ba da labarin cewa tun ranar ta shaida wa iyayenta ita ma sai ta ciyo zinare. Tana 'yar sakandare ta je gasar Sidni a 2000, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. Bayan shekara biyu ta ci zinare a gasar ƙasashe renon Ingila a Mancesta. Sai dai hanya ta riga ta fara tsukewa a gida, kuma dalilin yana cikin yanayin wasan kansa.

Nauyin ruwa ya ninka na iska kusan sau 800. Mai gudu a ƙasa bai cika damuwa da iskar da yake kutsawa ba, amma mai iyo duk ƙarfinsa a kan ture ruwa yake ƙarewa. Abin da ya fi muni, idan ya ninka saurinsa sau biyu, turjiyar ruwan takan ninku kusan sau huɗu. Shi ya sa ƙarfin damtse kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Dole jiki ya miƙe sambal a saman ruwa, ƙugu kada ya nutse, hannu ya shiga ya kamo ruwan ba tare da tayar da kumfa ba. Wannan ƙwarewa da maimaici take zama a jiki, kuma tana saurin gushewa idan aka yi makonni ba a shiga ruwa ba. Manyan 'yan ninkaya sukan yi atisaye safe da yamma, kwana shida a mako, su share kilomita 50 ko fiye idan horo ya yi tsanani. Suna buƙatar tafki mai tsawon mita 50, da ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 28, rani da damina. Harare kuwa a kan tudu take, sanyinta na watannin Yuni da Yuli ba na wasa ba ne, tafkunan da take horo a ciki kuma a sarari suke.

Salon da Coventry ta fi gwanancewa a kai shi ne iyon rigingine, kuma yana da wahalarsa ta daban. Mai yin sa fuskarsa na kallon sama, ba ya ganin inda ya dosa. Don haka ake ɗaura igiya mai tutoci mita biyar kafin bango. Da ya wuce ƙarƙashinta sai ya fara ƙirga jan hannunsa, ya san lokacin da zai juya. Kuskuren ja ɗaya yana iya sa ya buga kai, ko ya juya da wuri ƙafarsa ta kasa samun bangon da kyau. Doka ta ba shi damar tafiya ƙarƙashin ruwa mita 15 bayan tashi da bayan kowace juyawa, kuma a nan gwanaye ke tsere wa juna, domin a ƙasa babu igiyar ruwan da ke rage gudu a sama. A tseren mita 200, juyawa uku ce, ta ukun kuma ana yin ta ne lokacin da huhu ke neman iska ido rufe.

Abin da gida ya kasa ba ta, sai ta samu a Amurka. Jami'ar Auburn da ke jihar Alabama ta ba ta gurbin karatu saboda wasanta, ta haɗu da mai horarwa Kim Brackin, wadda ta daɗe tare da ita. Tsarin jami'o'in Amurka yana haɗa wa ɗan wasa tafki, likita, abinci, abokan gogayya da kuma aji a wuri guda. Ta kuma amfana da tallafin da IOC ke ba 'yan wasan ƙasashe marasa ƙarfi. A 2006 ta kammala digiri a fannin kula da otal da gidajen abinci.

Sakamakon ya bayyana a Atens a 2004: zinare a mita 200 na rigingine, azurfa a mita 100, tagulla a tseren da ake haɗa salo huɗu. Ta koma gida a lokacin da ƙasar ke cikin rikicin ƙwace gonakin fararen fata, wanda aka fara a 2000. Ga ta farar fata, amma jama'a baƙi da farare suka fito tarbarta, har aka riƙa raɗa wa jarirai sunanta. A ganina wannan tarba tana daga cikin abubuwa mafi daraja da ta taɓa samu.

A 2008 ta kai ƙololuwa. A watan Fabrairu ta karya tarihin da Krisztina Egerszegi ta ƙasar Hangare ta kafa tun 1991 a mita 200 na rigingine. A Beijin ta sake cin zinare a wannan tsere cikin minti 2 da daƙiƙa 5.24, sabon tarihin duniya, ta ƙara da azurfa uku. Azurfar nan ma abin dubawa ce. A mita 100 ta kafa tarihin duniya a zagayen kusa da na ƙarshe, sannan Natalie Coughlin ta Amurka ta riga ta taɓa bango a na ƙarshe. A tseren salo huɗu na mita 200, kashi 14 cikin 100 na daƙiƙa ɗaya ne ya raba ta da Stephanie Rice ta Ostareliya. Gaskiya ne shekarun nan su ne zamanin rigunan ninkaya irin su LZR na kamfanin Speedo, masu matse jiki su rage turjiyar ruwa, waɗanda suka sa tarihi ya yi ta zubewa har aka haramta su daga 2010. Amma abokan takararta ma irinsu suka sa, kuma zinaren Atens ta ci shi tun kafin a ƙirƙiro su.

Da ta dawo daga Beijin, Shugaba Robert Mugabe ya kira ta 'yar zinare, ya ba ta dalar Amurka 100,000 kuɗi a hannu. A shekarar nan aka yi zaɓe mai cike da zubar da jini, hauhawar farashi kuma ta kai inda bayan 'yan watanni babban bankin ƙasar ya buga takardar kuɗi ta tiriliyan 100. Tun daga nan aka fara yi mata tambayar da har yau ba ta rabu da ita ba, game da kusancinta da masu mulki.

A Landan a 2012 da Riyo a 2016 ta zo ta shida a tseren da ta saba lashewa, daga nan ta yi ritaya bayan gasar Olamfik biyar. Wannan mataki ne da ke kayar da 'yan ninkaya da yawa. Mutum ya tashi tun yana yaro an tsara masa lokacin barci, na ci da na shiga ruwa, sai a wayi gari yana da shekara talatin babu mai jiransa a bakin tafki da asuba. Michael Phelps, mai lambobi 28, ya fito fili ya faɗi yadda ciwon damuwa ya kai shi ga tunanin kashe kansa. Ian Thorpe na Ostareliya ma ya bayyana irin wannan fama. Coventry ta shirya wa ranar tun tana cikin ruwa. An zaɓe ta cikin kwamitin 'yan wasa na IOC a 2012, ta zama shugabarsa a 2018, ta kuma kafa makarantar koyar da yara iyo a Harare.

A watan Satumba na 2018 Shugaba Emmerson Mnangagwa ya naɗa ta ministar wasanni da matasa, makonni kaɗan bayan sojoji sun harbe mutum shida a Harare yayin zanga-zangar bayan zaɓe. Ta kare karɓar muƙamin da cewa gyara daga ciki ake yin sa. Hujja ce da za a iya saurara, amma aiki ne ke tabbatar da ita, aikin kuma bai cika ba. A 2020 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ce filayen ƙwallon ƙasar ba su cancanci wasan ƙasa da ƙasa ba, kuma shekaru suka shuɗe ba a kammala gyara ba. Masu bin ƙwallo a Najeriya za su tuna cewa a Nuwamban 2023, wasan da Zimbabuwe ta karɓi baƙuncin Super Eagles aka tashi 1-1, a Ruwanda aka buga shi. A Fabrairun 2022 FIFA ta dakatar da ƙasar saboda hukumar wasanni ta gwamnati ta sauke shugabannin ƙwallo, dakatarwar ta kai Yulin 2023. A nan dole a yi mata adalci: daga cikin zarge-zargen da suka jawo saukewar akwai cin zarafin alƙalan wasa mata, kuma daga baya FIFA da kanta ta hukunta wani jami'i a kan haka. Batun filaye dai ba shi da irin wannan uzuri.

Duk da haka ta lashe zaɓen IOC a zagayen farko da ƙuri'a 49 cikin 97, daidai adadin da ake buƙata. Juan Antonio Samaranch na Sifaniya ya samu 28, Sebastian Coe na Birtaniya ya samu takwas. Ta karɓi aiki daga Thomas Bach ranar 23 ga Yuni, 2025, tana da shekara 41, da wa'adin shekara takwas.

Yanzu ita ke riƙe da asusun da ya taɓa tallafa mata. Hanyar da ta bi ta kai ga zinare, wato a tsinci yaro mai baiwa a tura shi ƙetare, tana ɗaukar mutum ɗaya ne cikin dubbai. Najeriya, da yawan jama'arta da manyan kogunanta, ba ta taɓa cin lambar ninkaya ko ɗaya a Olamfik ba, haka ma Nijar da Gana da Kamaru. An tsayar da Dakar ta Senegal a matsayin mai masaukin gasar Olamfik ta matasa ta 2026, karon farko da aka ba nahiyar Afirka wata gasar Olamfik, kuma Coventry ce ta jagoranci kwamitin IOC mai sa ido kan shirye-shiryenta kafin a zaɓe ta. Ya kamata 'yan jarida da hukumomin wasanninmu su riƙa tambayarta, su kuma tambayi gwamnatocinsu, tafki nawa aka gina, masu horarwa nawa aka koyar, yara nawa suka iya iyo a cikin wa'adinta.